Wanda Kwamando ya soke a ɗakin otal, ashe darakta ne: muhawara a kan Bill Duke

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Daren jiya ƙanwata ta kunna Sister Act 2 a falo, fim ɗin nan da Whoopi Goldberg take koya wa yaran makaranta waƙa. Ina wucewa idona ya faɗa kan sunan darakta, na ga an rubuta Bill Duke. Na tsaya cak. Na ɗauko waya na nemi hotonsa, wallahi shi ne. Baƙin nan dogo mai ƙwalƙwal da manyan idanu, wanda suka gwabza da Kwamando a ɗakin otal har aka cilla shi kan ƙafar tebur ta huda shi. Shi ne kuma Mac na Predator, mai yawo da reza yana kankare fuskarsa babu ruwa babu sabulu.

Tun muna yara a gidan kallo "yaron bos" muke kiransa. Fiye da shekara 30 ina ganin fuskar mutumin nan, sai jiya na riƙe sunansa, kuma abin ya tsaya mini a rai. An haife shi a 1943, ya haura shekara 80, ya yi sama da shekara 50 a sana'ar, amma ba shi ake bugawa a saman fosta ba. Shi ya sa na kawo maganar gabanku. Irin wannan rayuwa nasara ce, ko tauye mutum aka yi?

Kawun Yara:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ai ka amsa wa kanka. Mutumin da ka shekara 30 kana kallo ba ka san sunansa ba, wace nasara za a ce ya yi? Harkar fim kasuwa ce, kuma suna shi ne jari. Tare suka fito da Arnold Schwarzenegger, wato Kwamandon kansa, a Commando a 1985, suka sake haɗuwa a Predator a 1987. Arnold ya je ya mulki jihar California daga 2003 zuwa 2011. Jesse Ventura da ke cikin Predator ɗin, shi ma ya yi gwamnan Minnesota. Shi kuwa wannan bawan Allah duk fim ɗin da muka san shi a ciki kashe shi ake yi kafin a tashi. Ba raina shi nake yi ba. Ɗan rakiya ne, kuma ɗan rakiya ba ya zama ango.

Baba Mai Majigi:
Malam Kawu, ka yi haƙuri, a nan ban bi ka ba. Na yi shekaru ina juya majigi a wata sinima a Kano. Mai sayen tikiti sau ɗaya yake kallon fim, ko sau biyu in ya ji daɗi. Ni kuwa ta 'yar tagar nan nake kallonsa kullum har a ɗauke shi a kawo wani. Idan ka kalli abu sau 20, harbe-harben sun daina ruɗarka, sai ka fara gane wa ke aiki, wa ke tsaye kawai yana nuna ƙwanji.

Ku koma ku kalli Predator da wannan idon. Sojoji ne ƙarti aka jefa a daji, kowa damtse kamar turmi. A cikinsu duka mutum ɗaya ne mutuwar ɗan'uwansa ta taɓa shi har zuciya, wato Mac. Lokacin da dodon ya kashe Blain, shi ne ya ɗauki babbar bindigar abokinsa ya yi ta ɓarin wuta a daji har harsashi ya ƙare, bindigar tana ta juyawa babu komai a ciki, yatsansa kuma bai saki ba. Ku dubi idonsa a wurin. Da dare kuma aka bar shi gadi, ya zauna yana kallon wata yana yi wa mamacin magana a hankali, yana tuna masa wani yaƙi da su biyu kaɗai suka tsira. A cikin fim ɗin da aka yi don a nuna ƙarfi, sai ga mutum yana zaman makoki.

Ita ma rezar ba ado ba ce. Akwai inda tsoro ya kama shi ya danna ta a kumatu har ta karye, jini ya fito, shi kuma ko motsi bai yi ba. Ba a ba shi dogon zance ba. Da reza guda ya nuna maka hankalin mutumin nan ya fara barinsa. Wannan shi ne aikin, Malam Kawu. Arnold yana ɗauke da fim ɗin a kafaɗa, gaskiya ne, amma tsoron da ke kama mai kallo daga fuskar Mac yake fitowa.

Ɗan Gwammaja:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ka tuna mini inda ya soke kunama da wuƙa a bayan Dillon, abokin tafiyarsu. Mu duk mun ɗauka Dillon ɗin zai kashe.

Baba Mai Majigi:
Yauwa ɗana. Abin da ake so ka ɗauka ke nan, kuma fuskarsa ce ta sa ka ɗauka.

Ɗan Samaru:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ɗalibin wasan kwaikwayo ne, ina so in ɗan sa baki a kan kalmar da Kawu ya yi amfani da ita. Ɗan rakiya shi ne wanda ake tarawa a cika wuri, a ce ku tsaya nan ku yi ihu. Irin su Bill Duke ajinsu daban ne, kuma a Hollywood sana'a ce mai zaman kanta. Su ne waɗanda ake ɗauka don su zama wani mutum takamaimai: ɗan sanda mai taurin kai, kawali, tsohon soja, alƙali. Jarumi yakan maimaita kansa daga fim zuwa fim domin shi ake saye. Su kuwa kowane fim sai sun sake fata.

Kuma mutumin nan ba a titi aka tsinto shi don tsayinsa ba. A garin Poughkeepsie na jihar New York aka haife shi. Ya yi karatu a Jami'ar Boston, ya wuce makarantar koyon wasan kwaikwayo ta Jami'ar New York. A 1971 yana kan dandamalin Broadway a wani wasa na Melvin Van Peebles. Fim ɗinsa na farko da aka san shi da shi Car Wash ne na 1976. A 1980 ya fito a American Gigolo tare da Richard Gere, kuma a shekarar ya samu babban rol a shirin talabijin Palmerstown, U.S.A., wanda Alex Haley mai littafin Roots da Norman Lear suka shirya. Uba ne mai iyali a ciki, a kudancin Amurka na shekarun 1930. Shirin bai daɗe ba aka tsayar da shi a 1981.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya yi bayan nan. Ya ga aikin fitowa a gaban kyamara ba ya zuwa kullum, sai ya shiga makarantar fim ta AFI ya koyi ba da umarni. Kafin mu gan shi a Commando ya riga ya fara ba da umarni a manyan shirye-shiryen talabijin na lokacin: Knots Landing, Falcon Crest, Dallas, Hill Street Blues, Cagney & Lacey. Wato ranar da muke tafi don Kwamando ya soke shi, mutumin darakta ne da ake kira a ba shi aiki.

Kawun Yara:
To ai ka ƙara mini hujja ne, yaro. Don me ya koma bayan kyamara? Don gaban kyamarar bai karɓe shi ba. Ga Denzel Washington nan, baƙi ne shi ma, kusan lokaci guda suka taso, ya zama abin da ya zama. In gwaninta ce kaɗai, me ya hana wannan?

Maman Ilham:
Kawu, da izininka, wannan tambayar ni zan amsa ta, don ta taɓo abin da ya daɗe yana damuna.

Ka ɗauki hoton Denzel ka ajiye kusa da na Bill Duke. Dukansu baƙaƙe ne a lissafin Amurka, amma ba kallo ɗaya ake yi musu ba. Shi Duke baƙi ne wuluk, tsayinsa ya haura ƙafa 6, ga ƙwalƙwal, ga murya can ƙasa. Masu zuba kuɗi a fim suna ganin irin wannan sai su ga abin tsoratarwa, ba su ga wanda za a ce mace ta so shi har a gina labari a kansa ba. Kuma ƙofar ma da kanta ƙarama ce. Sidney Poitier ya karɓi kyautar Oscar ta gwarzon jarumi a 1964. Ba a sake ba wa baƙin namiji wannan kyauta ba sai 2002, lokacin da Denzel ya karɓa. Shekara 38 ke nan. Idan mutum ɗaya ake bari ya wuce a kowane zamani, ba za ka ce sauran duk ba su iya ba.

Shi kansa Duke ya san wannan ciwon, shi ya sa a 2011 shi da D. Channsin Berry suka yi Dark Girls. Ba fim ɗin labari ba ne, hira ce da mata masu duhun fata a Amurka suna faɗin abin da suka sha, har daga 'yan'uwansu baƙaƙe, har daga cikin gidajensu. Akwai inda aka nuna wa wata ƙaramar yarinya baƙa zanen yara daga mai haske zuwa mai duhu, aka ce ta nuna mai kyau da mai wayo, ta nuna farar. Aka ce ta nuna mummuna, ta nuna wadda ta fi kama da ita. Na yi kuka a wurin, ban ɓoye muku ba. Ina da 'ya mai duhun fata, kuma da kunnena na ji wata 'yar'uwa tana ce mata da ta ɗan yi haske da ta fi haka kyau. Ku shiga kowace kasuwa a garuruwanmu ku ga yadda man bilicin ke tafiya. Mutumin da kuke kira yaron bos shi ne ya zauna ya yi fim a kan wannan. A 2015 ya ƙara da Light Girls, ya saurari ɓangaren masu hasken su ma.

Ɗan Gwammaja:
Anti, Allah ya raya Ilham ya yi mata albarka. Wallahi ban taɓa haɗa waɗannan abubuwa biyu ba.

Malam Na Tudun Wada:
Maman Ilham, maganarki ta shige ni, amma ita ce ta kawo ni ga abin da zan faɗa. Idan har ya san ana kallon baƙin mutum a matsayin dodo, don me ya yarda ya riƙa zama dodon? A American Gigolo kawali ne mai cin amana. A Commando ɗan ina-da-kisa ne, tun a farkon fim ya take mai sayar da mota da motar da ya sata. A Payback na 1999 ɗan sanda ne maci hanci. Duk wanda ya kalli waɗannan a ƙauyen Turai ko a nan wurinmu, hoton da ya tafi da shi ke nan. Ba za ka yi shekaru kana zuba wa wuta itace ba, daga baya ka zo kana kukan hayaƙi.

Sai kuma Car Wash. Na ji an ce Musulmi ya fito a ciki mai suna Abdullah, kuma a ƙarshe ya ɗauko bindiga zai yi fashi. Wannan ma abin dubawa ne.

Ɗan Samaru:
Allah gafarta Malam, maganar Car Wash gaskiya ce, amma rabinta aka ba ka. Saurayi ne mai suna Duane da ya musulunta ya koma Abdullah, yana aikin wankin mota a Los Angeles. Abokan aikinsa suna ta kiransa da tsohon sunan, shi kuma yana ta gyara musu. Fim ɗin na barkwanci ne, kowa na raha, shi kaɗai ne ba ya dariya, don yana ganin ana ci da guminsu. Aka kore shi saboda fashin zuwa aiki. Da dare ya dawo da bindiga, ya tarar da Lonnie, dattijon da ya taɓa zaman gidan yari, wanda Ivan Dixon ya fito a matsayinsa. Lonnie ya yi ta lallashinsa har ya sauke bindigar, ya faɗa jikinsa yana kuka. A nan fim ɗin ya ƙare. Ba a nuna addininsa ne ya sa shi ɗaukar bindiga ba. Talauci da wulaƙanci aka nuna, kuma shi ne mutumin da mai kallo ke fita da tausayinsa.

Malam Na Tudun Wada:
To, wannan na karɓa, tunda kai ka kalla ni labari na ji. Amma maganata ta farko tana nan.

Injiniya Damagaram:
Malam, ni ta fuskar abinci zan duba maka ita. Muna ganin 'yan fim ɗin Amurka kamar duk attajirai ne. A 2023 ƙungiyarsu ta SAG-AFTRA, mai mambobi kimanin 160,000, ta shiga yajin aiki na kwana 118, daga Yuli zuwa Nuwamba. A lokacin ne duniya ta ji cewa sai ɗan wasa ya samu kimanin dala 26,000 a shekara kafin ya cancanci inshorar lafiya ta ƙungiyar, kuma mafi yawansu ba sa kaiwa. Wannan a zamanin yanzu ke nan. Ka ƙiyasta baƙin ɗan wasa a 1980, wanda rol ɗin da ake miƙo masa bai wuce kawali ko ɗan daba ba. In ya ƙi, akwai mutum 100 a layi, kuma fim ɗin ba zai fasa fitowa da kawalin ba.

Abin tambaya shi ne me ya yi da abin da ya samu. A ranar da aka ba shi kujerar darakta, wane labari ya zaɓa? Ku duba The Killing Floor na 1984. Labarin baƙaƙen da suka baro kudancin Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya suka shiga aikin mayankar Chicago, da yadda aka yi ƙoƙarin haɗa su ƙungiyar ƙwadago guda da Turawa 'yan ci-rani daga Poland da sauran wurare, da yadda masu kamfani suka yi amfani da launin fata suka raba kansu, har rikicin 1919 ya ɓarke a birnin. Babu dodo a ciki. Mahauta ne masu iyali suna neman haƙƙinsu. A 2003 kuma ya yi Deacons for Defense da Forest Whitaker, labarin baƙaƙen jihar Louisiana da suka tashi kare unguwanninsu daga 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar Turawa masu ƙin baƙar fata, a shekarun 1960. Wanda ke jin daɗin zama dodo ba zai zaɓi waɗannan ba.

Malam Na Tudun Wada:
Injiniya, na ji. Sai dai wanda ya kalli Commando ya ninka wanda ya kalli The Killing Floor sau nawa? Ɓarnar a kasuwa aka yi ta, gyaran kuma a ɗaki.

Injiniya Damagaram:
Wannan gaskiya ce mai ɗaci, Malam, ba zan musa ba. Amma ba shi ke raba finafinai a gidajen sinima ba.

Auta Na Zaure:
Ku gafarce ni in ɗan kauce. Da gaske ne wai Van Damme ne dodon Predator?

Ɗan Samaru:
Shi aka fara ɗauka, ƙanena, har ya je wurin ɗaukar fim ɗin a Meziko. Daga baya aka sauya siffar dodon gaba ɗaya aka kawo Kevin Peter Hall, wanda tsayinsa ya haura ƙafa 7. Shi ne wanda ka gani a fim ɗin.

Bari in koma kan maganar Kawu ta cewa bayan kyamara mafaka ce ya samu. Can ɗin ma ba shimfiɗa aka yi masa ba. Ya sha ba da labarin ranar farko da ya je ba da umarni a Dallas, mai gadi ya tare shi a ƙofa yana tambayarsa saƙon wa ya kawo, don bai taɓa kawowa a ransa baƙi zai zo a matsayin darakta ba. Daga irin wannan ƙofa ya shiga har ya kai ga A Rage in Harlem a 1991, da Forest Whitaker da Danny Glover da Gregory Hines da Robin Givens, fim ɗin da ya shiga gasar bikin Cannes a Faransa. A 1992 ya yi Deep Cover, inda Laurence Fishburne ya fito a ɗan sandan da ya saje da dillalan hodar iblis har ya rasa gane ko shi wane ne. A waƙar fim ɗin ne duniya ta fara jin muryar Snoop Dogg tare da Dr. Dre. A Sister Act 2 kuma ga mawaƙiya Lauryn Hill tana yarinya, kafin sunanta ya cika duniya.

Kawun Yara:
Tunda ka kawo Sister Act 2, mu yi lissafi. Na farkon, wanda wani darakta ya yi a 1992, ya tara kusan dala miliyan 140 a Amurka kaɗai. Nasa na 1993 bai kai miliyan 60 ba, kuma masu sharhi sun yi masa ca. Bayan Hoodlum na 1997, ina wani babban fim da manyan kamfanoni suka sake damƙa masa? Ya koma finafinan talabijin da ƙananan ayyuka. Ni ban ce ba ya da ƙoƙari ba. Cewa na yi a gaba bai kai ƙololuwa ba, a bayan ma bai kai ba.

Maman Ilham:
Kawu, alƙalumanka daidai ne. Amma fim ɗin da masu sharhi suka yi wa ca, ga shi bayan shekara 30 wata yarinya a Gwammaja ta kunna shi a falo, har ya jawo wannan muhawarar. Finafinai nawa na 1993 da aka yaba ake kunnawa yau a gidajenmu? Na farkon labarin matan coci ne Turawa. Shi ya juya na biyun ya koma kan yaran unguwar talakawa da ake shirin rufe makarantarsu, da uwar da ke hana 'yarta waƙa don tana tsoron kada ta ƙare a wahala. Masu sharhin ba su ga kansu a ciki ba. Waɗanda suka ga kansu su suka riƙe shi.

Baba Mai Majigi:
Malam Kawu, ni da kai mun ga jiya, bari in tambaye ka. Cikin waɗanda ake bugawa a saman fosta a shekarun 1980, nawa ne har yanzu manyan daraktoci ke nema? Da yawa tauraronsu ya dushe tun ƙarfin jikinsu bai ƙare ba, domin ƙuruciya da damtse suke sayarwa, kuma waɗannan ba sa zama. Shi wannan abin da yake sayarwa tsufa ƙara masa kyau yake yi. A 2005 yana cikin fim ɗin 50 Cent. A 2006 yana cikin X-Men. A 2018 ya fito a Mandy tare da Nicolas Cage, fitowa ɗaya tak, yana zaune a cikin ɗan gidansa na tirela yana magana, kuma duk wanda ya kalla ya tuna da shi. Steven Soderbergh ya sa shi a The Limey a 1999, ya sake kiransa a High Flying Bird a 2019, ya ƙara kiransa a No Sudden Move a 2021. Darakta irin wannan ba ya kiran mutum sau 3 don tausayi. Ga kuma shirin Black Lightning da ya yi shekaru yana fitowa a ciki yana da shekara 70 da ɗoriya.

In kana son ka gane abin da nake nufi, nemi Menace II Society na 1993. Fitowarsa ɗaya ce, 'yan mintuna. Ɗan sanda ne yana yi wa wani yaro tambayoyi a ɗaki mai duhu. Bai ɗaga murya ba, bai ɗaga hannu ba. Tambaya ɗaya yake ta maimaitawa a kan ƙarfe nawa yaron ya sayi abu a kanti, har yaron ya sauya lokacin da bakinsa. Sai ya yi murmushi. Kalli wannan ka dawo mu yi magana.

Kawun Yara:
Na nemo na kalla, Baba, har sau 2. Gaskiya gabana ya faɗi kamar ni ake tuhuma. Na janye kalmar ɗan rakiya, ba ta dace da shi ba. Amma ina nan a kan cewa an tauye shi, kuma abin da kuka kawo duka ƙara tabbatar mini ya yi. Mutumin da zai iya wannan a minti 3, a ce an shekara 50 ba a ba shi awa 2 nasa na kansa ba a wani babban fim? Ku kuna kiran abin nasara saboda ya jure. Ni ina ganin asara ce aka yi, kuma mu masu kallo aka yi wa.

Ɗan Samaru:
Kawu, a wannan kam ba ni da ja.

Maman Ilham:
Ni ma haka. Abin da ban yarda da shi ba tun farko shi ne a ɗora masa laifin.

Kawun Yara:
Ban ɗora masa ba, 'yata, ko da harshena ya yi kama da haka. Injiniya, wannan na mayankar Chicago da ka ambata, ana samunsa kuwa? Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mahauci ne, a mayanka ya ƙare rayuwarsa, kuma ban taɓa ganin fim ɗin da ya ɗauki masu wannan sana'a da daraja ba. Ina so in ga yadda ya nuna su.

Injiniya Damagaram:
Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Ana samu, Kawu. An gyara hotonsa an sake fitar da shi a 2020. Damien Leake ne ya fito a Frank Custer, mai jan labarin, Alfre Woodard kuma matarsa. Akwai tsofaffin hotunan ainihi na mayankar da aka saka a tsakani, za ka ga yadda suke aiki da wuƙa a layi, kowa da yankan da aka ba shi.

Ɗan Gwammaja:
Amin. Kawu, in ka samu ka sanar da mu a nan, ni ma zan nema. Mu sa ranar Asabar bayan sallar isha'i, kowa ya kalla kafin nan, sai mu buɗe sabon zance a kansa. Malam Na Tudun Wada, kai ma muna so ka kasance, don tambayarka ta kasuwa da ɗaki ba a gama amsa ta ba.

Malam Na Tudun Wada:
In sha Allahu ina nan. Zan haɗa da Car Wash ɗin in gani da idona.